Zoben Zuhal na gani ko kuwa? Ku taimaka kafin yara su dawo hutu

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya mini a rai. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare, kuma ni ke riƙe da kulob ɗin kimiyya. Tun zangon da ya wuce muke karatun duniyoyin da ke kewaya rana, na ga zane a allo ba ya gamsar da yaran. Na nemi makaranta ta saya mana na'urar hangen nesa, aka ce babu kuɗi. Na kai maganar taron iyaye, aka yi ta alkawari. Ƙarshe dai adashena na ɗauka na ba wani abokina mai sayo kaya daga waje. Uwargida har yau ba ta huce ba, don gyaran rufin kicin aka yi niyya da kuɗin. Shi kuma shugaban makaranta ya riga ya sanar cewa da an dawo hutu a Janairun 2026 za a yi daren kallon taurari, har da iyaye.

A kwalin an rubuta 525x, wato tana ƙara girman abu sau 525, ga hoton duniyar Zuhal (Saturn) da zobensa. A jikin bututun an rubuta D=76mm, F=700mm. Gilasan ido uku ne, H20 da H12.5 da SR4, sai wani dogon abu Barlow 3x, da wani ɗan baƙin gilashi na kallon rana. Ina haɗa SR4 da Barlow yadda takardar ta nuna. Yawanci duhu kawai nake gani, in na kama tauraro kuma sai ya gudu. Amma jiya na ga zobe mai haske, baƙi a tsakiya, wasu siraran layuka sun ratsa shi, yana motsi kamar ruwa na tafasa. Ina kyautata zaton Zuhal ne. Yaya zan yi ya fito tas? Ko in nemo gilashin da ya fi ƙarfi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan da ka gani ba Zuhal ba ne. Na'urarka mai madubi ce: babban madubi a gindin bututu, ƙarami a kusa da baki, wasu siraran ƙarafa na riƙe da shi. Duk tauraron da ba a saita masa gani daidai ba, haskensa yakan baje ya zama faifai, inuwar ƙaramin madubin ta fito baƙa a tsakiya, layukan kuma ƙarafan ne. Murza makunnin saitin a hankali ta ɓangaren da faifan ke ƙanƙancewa. Idan ya koma ɗigo, tauraro ne.

Ga lissafin ƙarfi: raba 700 da lambar gilashin ido. H20 zai ba ka 35, H12.5 zai ba ka 56, SR4 zai ba ka 175, Barlow ya ninka shi uku ya zama 525. Amma iyakar abin da madubi ke iya ɗauka kusan ninki biyu ne na faɗinsa a milimita. Naka 76 ne, iyakarka wajen 150, shi ma sai daren da iska ta natsu. SR4 shi kaɗai ya wuce iyaka. Mayar da shi kwali shi da Barlow.

Gudun da tauraron ke yi kuwa juyawar ƙasa ce, digiri 15 a kowace awa. A 525 sararin da kake gani ɗan mitsitsi ne, abu zai ratsa shi ya fice cikin ƙasa da sakan 20. Da H20 kana ganin kusan digiri ɗaya, faɗin wata biyu ke nan, sai abu ya yi minti uku zuwa huɗu kafin ya fita.

Amma ba ka faɗi ƙarfe nawa ba, ko wace kusurwa ka duba, ko a ina ka kafa ta.

Maman Yusra:
Malam, kafin komai, don girman Allah ka fitar da baƙin gilashin nan na rana daga kwalin ka fasa shi. Irin wanda ake ɗaurawa a gindin gilashin ido ne, daidai inda madubi ke tara duk zafin rana. Yakan tsage ba zato, kuma kafin mutum ya janye kai hasken ya ƙona masa ido, ƙunar da ba ta warkewa. Tunda da yara za ka yi aiki, kada ya kwana a inda hannunsu zai kai. Matatar rana ta gaskiya a bakin bututu ake sa ta, ta rufe shi gaba ɗaya, ƙaramar na'urar saiti da ke kan bututun kuma a rufe ta ko a cire. Abin takaici, masu shigo da kayan nan ba ruwansu, kuma ba wanda ke duba abin da ake sayar wa makarantu.

Baban Khalil:
Na gode. Injiniya, wajen ƙarfe tara ne, kudu maso gabas, ta tagar ɗakina nake dubawa saboda sanyi da sauro, kuma unguwarmu ba a cika son a ga mutum a waje da dare da baƙon abu ba. Shi ne ya fi kowane haske, har launi yake sauyawa. Ni dai da idona na ga zobe. Kuma in 525 ba ya aiki, me ya sa kamfani zai buga shi? Saboda lambar nan na zaɓe ta a kan wata mai rahusa. Hajiya, gilashin ranar na ajiye shi ne don husufin 2027.

Injiniya:
To ka ba da amsar da kanka. Mai haske a kudu maso gabas da ƙarfe tara a ƙarshen Disamba, mai ƙyalli yana sauya launi, Shi'ira ne, wanda aka ambata a Suratun Najmi. Duba sama da shi, za ka ga taurari uku a jere suna nuno shi. Haskensa yakan yi shekara takwas da rabi da ɗoriya kafin ya iso mu, saboda haka ko babbar na'ura ɗigo take nuna shi. Zuhal a wannan lokacin, ƙarshen Disamban 2025, yana yamma, haskensa rawaya-rawaya ne, kuma ba ya ƙyalli irin haka.

Taga kuma ba wurin kallo ba ce. In a rufe take, gilashinta zai ɓata hoton. In a buɗe take, iskar ɗaki mai ɗumi tana fita ta gaban bututun, shi ne motsin da ka gani. Fitar da ita tsakar gida, a kan ƙasa, ba kan siminti ko rufin kankaren da ya sha rana ba, ka bar ta minti 30 madubin ya huce. Cire babban murfin bakin gaba ɗaya, don da yawa ɗan ƙaramin murfin tsakiya kawai suke cirewa. Da rana ka saita ƙaramar na'urar da ke kan bututun: sa H20, nemo kan hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis mai nisan rabin kilomita, ka juya wa rana baya, ka kawo shi tsakiya, sannan ka murza kusoshin ƙaramar har gicciyenta ya hau wuri ɗaya. Za ka ga hoton a kife, haka na'urar take. Kada ka zare ƙafafun har ƙarshe, ka ƙara ɗaure kusoshinsu, ka rataya galan mai lita biyar na ruwa a tsakiyarsu, rawar za ta ragu sosai.

Ɗan Damagaram:
Ni ban ga amfanin wahalar nan ba. Ƙafafun irin wannan na'ura ba su da ƙarfi, yaro ɗaya ya taɓa ta sai an sake nema. Malam ya sayar, ya sayi tabaron hangen nesa mai ido biyu, 10x50, ko guda biyu ma. Da shi za a ga Kaza da 'Ya'yanta, da gajimaren da ke ƙasan taurari ukun nan, da watannin duniyar Mushtari (Jupiter) in an dogara gwiwar hannu a kan katanga. Yaro yana ɗauka ya gane, hoton kuma a miƙe. Matsalarmu a nan kullum mai tsada da babbar lamba ake bi, dillalai kuma sun gane mu.

Mai Gilashi:
Duk ba ku taɓo ainihin ciwon ba. Na'urar da ta sha hanya a kwali da wuya madubanta su zauna daidai. Cire gilashin ido, ka leƙa ramin da rana. Ya kamata ka ga babban madubi cikakke a cikin ƙaramin, idonka a tsakiya. In ya karkace, akwai kusoshi uku a gindin bututu, a riƙa murza su kaɗan-kaɗan. Sannan da ƙurar hunturun nan, a sami ƙyalle mai laushi da sifirit a goge madubin.

Injiniya:
A'a, kada ya goge. Rufin alminiyon yana saman madubin ne, ba a bayansa ba irin madubin ɗaki, ƙurar hazo kuma ƙyalle zai ja ta ta karce shi. 'Yar ƙura ba ta hana gani. In ya yi dauɗa ƙwarai, cire shi ake yi a wanke da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a tsaya da shi ya bushe da kansa. Kusoshin ma ya ƙyale su tukuna. 700 a raba da 76 ya haura tara, irin wannan doguwar na'ura tana jure 'yar karkata. Ga gwaji: in zoben da ya gani baƙin yana tsakiya daidai, madubai lafiya lau.

Ɗan Damagaram, 10x50 ba zai nuna zoben Zuhal ba, sai an kai wajen 30 ake rarrabe shi.

Malam, ga abin da ya kamata ka sani tun yanzu: a farkon 2026 ko da na'ura mai kyau ba za ka ga hoton kwali ba. Zuhal yana shekara 29 da rabi kafin ya kewaye rana, kuma duk bayan shekara 13 zuwa 15 zoben yakan juyo mana da gefensa. Hakan ya faru ranar 23 ga Maris 2025, a farkon 2026 kuma siriri ne, layi kawai za ka gani ya ratsa ƙwallon. Sai 2032 zai buɗe sosai. Masanin taurari Galileo ma ya ruɗe a 1612 da abin da ya gani a gefen Zuhal ya ɓace masa. A Janairu ka neme shi bayan Magariba a yamma da H12.5, don wajen goma da rabi yake faɗuwa. Ɗigon da ke kusa da shi Titan ne, babban watansa.

Ka gina daren a kan Mushtari. Ranar 10 ga Janairu 2026 zai kasance a kishiyar ɓangaren da rana take, ya fito gabas da faɗuwarta ya kwana a sama. A 56 zai ɗan fi girman da wata ke yi wa ido, za ka ga ratsi biyu a jikinsa da watanninsa huɗu, Io, Europa, Ganymede da Callisto. Ka sa yara su zana inda suke, washegari su sake, don Io bai cika kwana biyu yake kewayewa ba. Wata kuma a kalle shi daga biyar zuwa tara ga wata, lokacin da inuwa ke fito da ramuka, ba daren sha huɗu ba. Wajen 26 ga Janairu zai zama rabi. Sauke Stellarium, manhajar taswirar taurari, a waya ka tabbatar da wuraren.

Ɗan Birni:
Duk wannan sai in ana ganin saman. Fitilun sola da aka jera a tituna rabinsu sama suke haskawa, ga hayaƙin janareta, ga hazo. Yaran birni yanzu Kaza da 'Ya'yanta ma sai a hoto. Da za a sa wa fitilun hula su kalli ƙasa, da titi ya fi haske, sama ta yi duhu. Malam ya kwashi yaran zuwa bayan gari kawai.

Maman Yusra:
A kwashi 'ya'yan mutane zuwa bayan gari da dare? Wata da Mushtari ba ruwansu da fitilar titi, filin makaranta ya isa, a kashe fitilun kusa. Malam, na dawo kan gilashin nan. Husufin 2 ga Agusta 2027 cikakke zai kasance a Luxor ta Masar da Jidda da Makka, mu nan wani ɓangare ne kawai zai rufe, ba irin na 29 ga Maris 2006 da ya rufe duka a Gusau da Katsina ba. Ma'ana duk tsawon lokacin akwai rana a fili. Tabaron husufi mai lambar ISO 12312-2 ake nema, shi ma ba a leƙa na'ura da shi. Ko a huda kwali da allura a kalli hoton a ƙasa.

Baban Khalil:
Na ji duka, Allah ya saka. Amma sayarwa ba za ta yiwu ba, shugaban makaranta ya riga ya gan ta. Kuma zobe na yi wa yaran alkawari, ba zan tara iyaye in nuna musu ɗigo da layi ba. Abokina ya ce akwai Barlow 5x, watakila nawa ne mara kyau. Gilashin ranar zan kulle shi a durowa, ba zan fasa abin da na biya kuɗi ba. Maganar tsakar gida kuma sai sanyi ya ragu.

Injiniya:
5x da SR4 zai kai ka 875, duhun zai ƙaru ne. In kuɗi za ka kashe, auna faɗin ramin gilashin ido. In milimita 31.7 ne, sayi gilasan ido irin Plössl na 25 da na 10, su ba ka 28 da 70. In 24.5 ne, sai an haɗa da mahaɗi. Nawa ne faɗin?

Mai Gilashi:
Ko me ya saya, in madubai a karkace suke, asara ce.

Baban Khalil:
Ba ni da abin awo a gida yanzu. Akwai wanda ya san farashin 5x ɗin?