Sandar giya mai gajeren zango: abin da muka gani wajen ɗaura ta

Mai Sifana:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu tara a wuri guda abin da kowa ya gani da idonsa wajen cire sandar giya ta kamfani a sa mai gajeren zango, a motocin giyar hannu. Bari in fara da yadda take aiki. Sandar tana lilo ne a kan wani ƙwallo, kuma abin da ake ƙarawa shi ne tsawon ɓangaren da ke ƙasan ƙwallon, inda take haɗuwa da rodin da ke zuwa giyabos. Da ƙasan ya ƙara tsawo, ɗan motsi kaɗan a sama ya isa ya shigar da giya. Yawancinsu suna rage zangon da kashi 20 zuwa 40 cikin 100. Amma abin da ka rage a tafiya, da ƙarfin hannu za ka biya shi. Giya za ta ƙara tauri, musamman da sanyin safiya kafin mai ya ɗumama.

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya sayi komai, ya sa mota a lamba uku da inji a kashe, ya girgiza sandar hagu da dama. Idan tana yawo kamar muciya a tukunya, bushin ne suka cinye, sabuwar sanda ba za ta magance wannan ba. Bushin ɗin roba da ke ƙarƙashin gidan sandar, da kofin da ƙwallon ke zaune a ciki, da na bakin rodi ko kebul, a sauya su tare. Sau da yawa daga nan ma mai mota yake cewa ya fasa, giyarsa ta dawo yadda yake so. Giris kuma a sa mai silikon a kan ƙwallon. Wanda aka yi da ɗanyen man fetur yana kumbura roba.

Ɗan Gareji:
Gaskiya ne, Baba. Ni a kan BMW E36 da E46 zan yi magana, don aikinsu rabi a ciki ne rabi a ƙarƙashi. Kan sandar ba shi da zare, fizgo shi ake yi sama, a kawar da fuska don yana fita da ƙarfi. A ɗaga mota a kan ƙarfen tokare, kada a shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. A ƙasa akwai kilif da ke riƙe rodi a jikin sandar, da wasu 'yan woshoshi na roba ruwan ɗorawa a gefe. A lura da yadda suke a jere kafin a zare su, don in aka manta da ɗaya, sandar za ta riƙa kaɗawa. Kofin ƙwallon kuma juya shi ake yi kwata ɗaya sannan ya fito.

Inda ake yawan faɗawa shi ne nan: tunda ƙasan sabuwar sandar ya fi tsawo, rodin yana saukowa kusa da furofela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya. Idan tazarar ta yi kaɗan, mota na tafiya za ka ji ƙarar karta, ko sandar ta riƙa rawa a hannu. Kafin a sauke motar, mutum ɗaya ya zauna a ciki yana bin giyoyi ɗaya bayan ɗaya har ribas, ɗayan yana ƙasa da tocila yana duba tazarar. Sannan sandar tana da ɗan lanƙwasa. Idan aka juya ta baibai, za ta riƙa dukan robar da ke kewaye da ita wajen shigar da giya.

Mai Sifana:
Haka Honda Civic ta 1992 zuwa 2000 take, sai dai ita salansa da farantin da ke kare zafinta ƙasan sandar yake taɓawa. Lanƙwasa farantin kaɗan yakan wadatar. Notin da ke haɗa sanda da rodi kuma kada a danne shi da duk ƙarfi. In ya matse bushin, sandar ba za ta koma tsakiya da kanta ba.

Oga Kebul:
Motocin da ke amfani da kebul biyu, kamar Golf 4, labarinsu daban. A nan galibi ba a taɓa sandar ciki, ƙarfen da ke saman giyabos ake sauyawa, wanda ke matso da bakin kebul kusa da tsakiya. Ɗaurawa ba wuya, saiti ne aikin, kuma shi mutane ke tsallakewa, sai su dawo suna cewa lamba ɗaya ta ƙi shiga ko ribas ya ɓata.

Ga yadda ake yi. Giya a firi. A ja sifirin ɗin bakin kowane kebul gaba, a murɗa shi ya maƙale, kebul ya saki. A danna ƙarfen saman giyabos zuwa tsakanin lamba ɗaya da biyu, a tura ɗan makullin da ke jikin giyabos ya riƙe shi. A koma ciki, a ɗage rigar sandar, za a ga rami biyu da ke haɗuwa idan an kai sandar hagu. A zura ƙusa ko bakin dirila mai milimita 5 a ciki. Yanzu sama da ƙasa duk sun tsaya a wuri ɗaya, sai a saki sifirin ɗin su kama kebul. Don Allah a tuna a janye makullin giyabos kafin a gwada giya. Wanda ya manta ya tura sanda da ƙarfi, makullin yake lanƙwasawa ko ya karya.

Tsohon Makaniki:
Madalla, Oga. Saura waɗanda sandarsu ke zaune kai tsaye a kan giyabos. A tsohuwar Mazda MX-5 mai giya biyar, noti uku na lamba 10 ne ke riƙe sandar, kuma rijiyar da take zaune a ciki tana da nata man giya daban, kamar mililita 80 zuwa 95. A zuƙe tsohon da sirinji a zuba sabo. A ƙarshen sandar akwai ɗan kofin roba, idan ya zame ya faɗa ciki sai an lalubo shi kafin a rufe. Rigar robar da ke toshe ramin in ta yage a sauya, ta nan zafi da warin mai ke shigowa cikin mota.

Ita kuma Mustang mai giyabos T5, sandunan da ake sa mata suna zuwa da noti biyu na tsayarwa, gaba da baya. A sa lamba uku, a murɗa na gaba har ya taɓa sandar, sannan a dawo da shi baya kaɗan gwargwadon yadda takardar ta faɗa, a kulle. A yi wa na baya haka a lamba huɗu. In notin ya shige da yawa, giya ba ta kammala shiga, kana tafiya sai ta fita da kanta.

Ɗan Gareji:
Abu ɗaya da ya dame ni, Baba, shi ne masu ganin tunda zango ya ragu sai su riƙa fizgar giya. Sinkuro, wato zoben da ke cikin giyabos, yana bukatar lokacinsa ya daidaita gudun haƙora, sabuwar sanda ba ta rage masa wannan lokacin ba. A taka kuloci har ƙasa, a ɗan jinkirta a bakin giyar, za ka ji ta karɓa. Idan lamba biyu tana gurnani tun kafin aikin, bayansa sai abin ya ƙaru.

Oga Kebul:
Taurin kuma kan sanda mai nauyi yana rage shi sosai. A duba zare kafin a saya: Honda M10x1.5, Mazda M10x1.25, Subaru M12x1.25. Idan motar tana da zoben da ake ɗagawa kafin ribas ya shiga, a tabbatar sabon kan ya bar masa wurin hawa, in ba haka ba ribas ba zai shiga ba.