Neman shawara: miyar kabewa irin ta Japan, ba nama ba kifi ba madara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah ku agaza min da shawara, lokaci ya kusa ƙure min. Ni Bakanuwa ce, shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da na biyo maigidana Sapporo, a tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan, inda yake karatu. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta riƙe ni tamkar 'yar cikinta. Da na haihu cikin hunturun da ya wuce, ita ta riƙa raka ni asibiti cikin ƙanƙara tana min tafinta. Yanzu kaka ta shigo, ganyen bishiyoyi ya fara ja, kabewarsu da suke kira kabocha ta cika kantuna, sai na gayyace ta cin abinci ranar Asabar mai zuwa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ba ta cin duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu, ko zuma ba ta sha. Ina so in yi mata miyar kabewa mai ɗanɗanon da bakinta ya saba da shi. Na gwada shekaranjiya, wallahi sai da na zubar da hawaye. Na zuba kabewa da ganyen tekun nan kombu da miso, wato markaɗaɗɗen waken suya da suke ruɓarwa da gishiri, lokaci guda na bar su suna ta tafasa, na ƙara garin dashi na leda, wato garin romonsu, na kawo madarar waken suya na zuba. Miyar ta yi yauƙi, ga ɗaci-ɗaci, madarar ta tsinke ta yi gudaji kamar za a yi awara. Daga baya ma maigidan ya duba ledar garin ya ce da kifi a ciki. Ina na kuskure?

Wata 'yar'uwa da ta daɗe a Osaka:

Wa alaikumus salam ƙanwata, share hawayenki, duk wadda ta zo ƙasar nan sai da ta yi irin wannan. Kin yi dace ma da wurin zama, don mafi yawan kombun Japan daga tekun Hokkaido ake ciro shi, kuma babu yankin da ya kai ku noman kabocha.

Mu fara da romo, shi ne ƙashin bayan miyar. Dashin da aka fi sani da kombu da busasshen kifin katsuo ake yin sa, shi ya sa kusan duk garin leda da kifi a ciki. Amma akwai wanda ake yi a girkin gidajen ibadar mabiya Buddha, wanda suke kira shojin ryori, da kombu da busasshen naman kaza na shiitake kawai. Shi za ki yi. A lita ɗaya ta ruwan sanyi ki sa kombu kamar giram 10 da shiitake uku ko huɗu, ki rufe ki sa a firji ya kwana. Kar ki wanke kombun, ki goge shi da tsumma mai ɗan danshi ya isa, farin garin da ke jikinsa ba datti ba ne. Washegari ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, da kin ga ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindin tukunya ki tsame kombun. Barin sa ya tafasa shi ya jawo miki yauƙi da ɗacin nan. Shiitaken ki bar shi ya ɗan ƙara minti biyar, sai ki tace.

Miso kuma ba a tafasa shi. Sai an kashe wuta ake dama shi a ludayi da ɗan romo a juye. In ya tafasa ƙamshinsa ya tafi, gishiri kawai zai bar miki.

Wata Hajiya daga Kano:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika san hakkin maƙwabtaka a ƙasar mutane. Ni ban san kombu ba, amma na san kabewa, shekara arba'in ina yin taushe. Kabewa ba ta son ruwa ya sha kanta. Ki sa mata ruwa daidai wuyanta, in ta yi kauri kya ƙara, amma in ta tsinke babu mai dawo da ita. Sannan ki ba albasa lokacinta. Ku yaran yanzu kuna jefa albasa a mai ku juya sau biyu ku ce ta soyu. Ki rage wuta ki bar ta ta yi laushi har ta fara zaƙi, nan ne daɗin da kike nema a nama zai fara fitowa. A zamanin iyayenmu ba kullum ake samun nama ba, da albasa da daddawa da gyaɗa ake miya a ci har a suɗe kwano. In kina da daddawa a ajiye ki jefa kaɗan, ki sa gyaɗa markaɗaɗɗiya cokali guda.

Wani malamin kimiyyar abinci daga Zariya:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma maganarta da ta 'yar'uwa ta Osaka hanya ɗaya suka bi. Garɗin da muke ji a romon nama Japanawa suna kiransa umami. A shekarar 1908 wani farfesan kimiyyar sinadarai a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa sinadarin gulutamet da ke cikin kombu ne ke ba da shi, kuma daga wannan binciken aka fara sayar da Ajinomoto a 1909, wato farin magin da ke kowane kanti a ƙasar Hausa. Busasshen shiitake yana ɗauke da wani sinadarin daban, guwanilet, kuma idan suka haɗu da gulutamet garɗin yana ninkawa fiye da yadda kowanne zai bayar shi kaɗai. Don haka kar ki ce za ki yi da ɗaya ki bar ɗaya, kuma busasshe za ki nema, ɗanyen bai kai shi ba.

Ita daddawa ma gulutamet ɗin take bayarwa, saboda ruɓawar da kalwa ke yi tana sakin sa. Sai dai 'yar'uwar daddawa ta kusa a Japan ita ce natto, wato waken suya da suke ruɓarwa su ci, don irin ƙwayar halitta ɗaya ce ke aiki a cikinsu. Miso kuwa da wata fumfuna mai suna koji ake yin sa, da waken suya da gishiri da shinkafa ko sha'ir, shi ya sa ƙamshinsa ya fi sanyi.

Batun gudaji, 'yar'uwa, da kika ce kamar awara, ai awarar ce kika fara yi. Madarar waken suya idan ta ji zafi sosai ga gishiri ga ɗan tsami sai furotin ɗinta ya dunƙule, kamar yadda masu awara ke zuba ruwan tsami. Ki zuba ta a ƙarshe, wuta can ƙasa, kar ki bari ta tafaso ko sau ɗaya.

Wata ɗaliba daga Tsukuba:

Anti, tunda ku ma za ku ci, ki kula da abu biyu wajen sayen miso. Akwai wanda aka riga aka haɗa da dashi, suna rubuta dashi-iri a jiki, yawanci da kifi a ciki. Akwai kuma wanda ake ƙara wa barasa don kar ya ci gaba da kumbura a roba, za ki ga an rubuta shusei ko arukoru a jerin kayan haɗi. Ki haska da kyamarar wayarki ta fassara miki, ki ɗauki wanda waken suya da shinkafa da gishiri ne kaɗai. Duk girkin da kika ga an ce a sa mirin ko sake ki tsallake, giya ce, mirin na asali barasarsa ta kai kashi 14 cikin ɗari. Kabocha tana da zaƙin da ba ta buƙatar su. In za ki sa shoyu, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya, ki nemi mai tambarin halal, mutanen masallacin Sapporo za su nuna miki inda suke saya.

'Yar'uwa ta Osaka ta sake cewa:

Hajiyarmu, a yi min afuwa, a wannan tukunyar dai ban goyi bayan daddawa ba. Ba don ba ta da daɗi ba, ni kaina sai an aiko min da ita hankalina ke kwanciya. Amma miyar Japan ɗanɗanonta a hankali yake zuwa, daddawa ko ƙwaya ɗaya ce za ta danne kombu da miso gaba ɗaya. Maganar albasa da ta ruwa kuwa haka take babu ragi. Gyaɗar ma zan musanya ta da riɗi, suna da shi markaɗaɗɗe ana ce masa nerigoma. Kuma ba mamaki riɗin gida ne za ki ci, don Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya.

Ga yadda nake yi wa mutum huɗu, ƙanwata. Ki sayi kabocha kamar giram 500, a yanke suke sayar da ita, ki zaɓi mai tsoka lemo-lemo sosai da 'ya'ya cike. In ɗungurungum ce ki duba kututturen, wanda ya bushe ya yi kamar toshiyar kwalba shi ne alamar ta kwana biyu bayan girbi, sitacinta ya koma suga. Tana da tauri, ki sa ta a maikurowef minti biyu zuwa uku kafin ki sa wuƙa, kar ki ji wa hannunki ciwo ga goyo. Ki yanka manya-manya, ki shafa mai da ɗan gishiri, ki gasa a obin mai zafin digiri 200 kamar rabin awa har gefenta ya fara ja. In ba ki da obin ki turara ta. Ɓawon ana ci, amma in kika markaɗa da shi launin miyar zai dushe, don haka ki kankare tsokar da cokali, ki ajiye ɗan ɓawon ki yanka siri-siri na ado.

Ki soya babbar albasa ɗaya yadda Hajiya ta ce, kamar minti goma sha biyar, ki goga ɗanyar citta kamar kan babban yatsa. Tafarnuwa ki bar ta, masu bin girkin shojin da yawa ba sa ci, har albasa ma wasu na ƙaurace mata, don haka ki tambayi baƙuwarki tun yau. Ki zuba kabewa da dashi kofi uku, su dahu tare minti goma, ki markaɗa a blenda har ta yi sumul. Ki mayar tukunya, ki rage wuta, ki zuba madarar waken suya kofi ɗaya, marar suga wadda ba a yi wa gauraye ba. Da ta yi zafi ki kashe, ki dama farin miso cokali ɗaya da rabi da riɗi cokali ɗaya. Farin nake nufi, shiro miso, ja ya fi gishiri da ƙarfi. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara komai. A sama ki barbaɗa soyayyen riɗi da ɗigon man riɗi, ki ajiye yajin shichimi a gefe don maigida, na san bakin Bakano ba zai yarda da miya ba yaji ba.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi:

Ni fa yawuna ya tsinke. Mu da ba mu da kabocha, kabewarmu ta gida za ta yi?

Malamin Zariya:

Za ta yi, amma tamu ta fi ruwa kuma ba ta kai waccan zaƙi da gari ba. Ki gasa ta ruwan ya ragu, ki haɗa da dankalin Hausa guda ɗaya, ki rage romo. A nan ne shawarar Hajiya za ta yi miki aiki, daddawar waken suya kaɗan ta tsaya a madadin miso, sai dai ita ki bar ta ta dahu a ciki.

Mai tambaya, ranar Lahadi:

Alhamdulillahi, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tambaye ta, ta ce tana cin albasa. Na jiƙa kombu da shiitake tun daren Juma'a, na tsaya a kan tukunya ban matsa ba har kumfar ta taso. Miyar ta fito sumul, launinta kamar gwaiduwar ƙwai. Hajiya, daddawar ban sa a tata ba, amma na yi 'yar ƙaramar tukunya ta taushe marar nama da gyaɗa da alayyafo da daddawa, na tuƙa tuwon shinkafa da shinkafarsu mai danƙo, na ajiye a gefe. Ta sha tata ta ƙara, sannan ta ɗebi taushen ta shinshina ta ce yana mata ƙamshin natto, ta cinye malmala guda. Shiitaken da na tsame ta hana ni zubarwa, ta yanka shi ta dafa da shoyu muka ci da shinkafa. Ta ce a watan Disamba, ranar da dare ya fi tsawo a shekara, al'adarsu ce a ci kabocha, za ta koya min irin wadda ake dafawa da jan wake azuki, ni kuma in zo mata da daddawa.