An ce in biya jaka 45, firizar kuma tana cikin garanti

Salamu alaikum ƴan'uwa. Wata biyar ke nan da na sayi firiza sabuwa fil a wani shago kusa da Kasuwar Dole, ina sana'ar ƙanƙara da lamurje. An rubuta mini garantin shekara guda a jikin faktir. Yanzu ta daina sanyi. Mota, wato injin da ke sa ta sanyi, tana ta aiki ba tsayawa, amma ruwa ba ya daskarewa. Mai shago ya ce kuran ne ya lalata ta, sai na ba da jaka 45 na sabuwar mota da gaz. In biya ko akwai hanya?

Amsar wani mai gyaran firigo:

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganarsa ba ta hau ba. Motar da kuran ya ƙone ba ta juyawa, sai dai ki ji ƙas, ta yi shiru, bayan ɗan lokaci ta sake ƙas. Taki kuwa tana aiki, sanyi ne babu. Wannan galibi yoyon gaz ne ko toshewar siririn bututu. Gaz ɗin firiza ba kamar na girki ba ne, a rufe yake zagayawa, ba ya ƙarewa sai in akwai huda. Idan ba a sa wuƙa an ɓamɓari ƙanƙara an huda ta ba, yoyo cikin wata biyar galibi daga walda yake, wato daga kamfani.

A auna a gabanki. Mota tana da ƙafa uku, C da S da R. Abin da mita ta nuna tsakanin S da R ya zama jimillar C-S da C-R, kuma kada ko ɗaya ta haɗu da ƙarfen jikin motar. In haka ta fito, wayoyinta ba su ƙone ba. Ko da ƙas ɗin ma take yi, rele ake fara dubawa, ɗan ƙaramin abu ne mai araha da ke tayar da motar, masu gaggawa ne ke tsallake shi su ce mota. Abu guda dai: kada ki bar mai gyara na waje ya yanke bututu ko ya ɗura gaz, nan take za a ce kin karya garanti.

Amsar wani mai shagon kayan lantarki:

Hajiya, duba takardar da kyau. Wani garantin ya haɗa kayan gyara da kuɗin hannu, wani kayan kawai. Kusan duka suna cire lalacewar da kuran ya jawo, shi ya sa kowa ke fakewa da shi. In za ki kai firizar shago, karɓi takardar ajiya mai kwanan wata da lambar jikin firizar, ki ɗauki hoton lambar. Mai shagon ya rubuta abin da ya lalace da dalili, ya sa hannu da tambari. Da yawa a nan suke sauka, don faɗa da baki ya fi rubutawa sauƙi.

Amsar wata masaniyar shari'a:

Ƴar'uwa, ban da garantin shago, doka ma ta ba ki kariya. Aya ta 1641 ta Code civil, wato kundin dokokin mu'amala na Nijar, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana kaya yin aikinsa, ta 1644 kuma ta ba mai saye zaɓi: ya mayar a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa. Malaman fiƙihu ma haka suka karantar kan mayar da kaya saboda aibi. Akwai kuma dokar kare masu saye ta 2015. Amma kada ki ja lokaci, ana son a tashi da wuri.

Fara da shugaban ƴan kasuwar layin, ki je da maigida ko wani dattijo. In mai shagon ya cije, rubuta masa wasiƙa ki ba shi kwana takwas, ki riƙe kwafi, sannan ki kai koke ofishin kasuwanci na jiha ko ƙungiyar kare haƙƙin masu saye ta ADDC-Wadata. Faktir na asali ya zauna a hannunki, kwafi za ki riƙa bayarwa. In kuma sana'a ta matsa har kika biya, a rubuta a resi cewa ba ki yafe ba, ki karɓi tsohuwar motar ki ajiye.