Neman shawara: Peugeot 504 Coupé tana gurza a giya ta biyu, zan iya gyara ta a gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata tsohuwar mota ce ta zo hannuna daga gidan kawuna a Kaduna, Peugeot 504 Coupé ta 1973, mai ƙofa biyu, injin silinda huɗu mai injekta, giya huɗu ta hannu. Ta daɗe a rufe. An tayar da inji, lafiya lau yake aiki, giya ce ta hana ni sakat. Da safe in mota ba ta yi zafi ba, ta biyu ba ta shiga sai da gurza, ƙarrr, har na kusa da ni ya waiwayo. Ribas ma takan yi haka. In an yi tafiya abin yakan ragu, amma ba ya bari gaba ɗaya. Sannan akwai ɗigon mai a ƙasa, daidai inda akwatin giya yake.

Makaniken da ya tayar da injin ya ce ya juye tsohon mai ya zuba man giya mai kauri, lamba 140, yanzu kuma yana cewa sai an sauke akwatin an buɗe. Ina da sifanoni da jak da fili a tsakar gida. Me zan iya yi da hannuna, me kuma ya fi ƙarfina? Wane mai ya kamata ta sha?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka bari kowa ya sauke akwatin nan tukuna. Lamba 140 ɗin da aka zuba shi ne abin zargi na farko. Akwatin giyar 504 mai giya huɗu, wanda kamfani ke kira BA7, baƙin mai aka rubuta masa, irin wanda kake zubawa a inji. Mai kauri na giya na aksul ɗin baya ne. Makanikai da yawa suna haɗa su wuri ɗaya saboda a wasu motocin haka ake yi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowace giya ta gaba tana da zobe da ake kira sinkoro. Aikinsa birki ne: kafin haƙora su haɗu, sai ya kama giyar ya daidaita gudunta da na sandar da za ta hau. Ba zai kama ba sai ya matse man da ke tsakaninsu ya fitar. Mai lamba 140 da sanyin safiya kamar zuma yake a hunturu, zoben sai ya yi ta sulɓi a kansa, kai kuma ka riga ka tura sanda, haƙori ya ci haƙori. Shi ya sa in ta yi zafi take sassauci. Ka sayi baƙin mai 20W50 mai kyau, lita biyu ta isa har da saura, don lita ɗaya da 'yan kai take ɗauka.

Ɗan Tasha:
Baba, da girmanka, amma mu da muka yi haya da 504 tsakanin Kano da Jos, 90 muke zubawa, motoci kuma suka tsufa a hannunmu ba su ce uffan ba. Ni ina ganin zoben ne ya cinye kawai. Motar da ta haura shekara 50 fa ake magana.

Tsohon Bakanike:
Ɗan Tasha, motar haya ba ta kwana da sanyi, tun asuba take kan titi, kuma ku kun iya lallaɓa giya da totur ba tare da kun sani ba. Sannan 90 daban, 140 daban. Ban ce zoben bai cinye ba. Na ce kuɗin mai lita biyu za a fara kashewa kafin a kashe na sauke akwati.

Injiniya daga Zariya:
Ina bayan Baba, amma akwai abin da mai tambaya ya faɗa da ba a ɗauka ba: ribas ma tana ƙara. Ribas ba ta da sinkoro, don haka mai kauri ba zai sa ta gurza ba. In ribas tana ƙara, kuloci ne ba ya saki sosai. Kulocin 504 da man birki yake aiki, akwai famfo na sama kusa da feda da na ƙasa a jikin akwati, kuma motar da ta daɗe a ajiye robobin cikinsu sukan bushe, iska ta shiga.

Ƙanena, ka yi gwaji uku kafin ka taɓa sifana. Ka tayar da mota a firi, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga biyar, ka sa ribas. In ta yi ƙara bayan wannan jiran, kuloci na ja. Sai ka maimaita, amma ka buga fedar sau uku da sauri kafin ka sa giyar. In ta shiga shiru, iska ce ko roba, ba filet ɗin kuloci ba. Na ukun a kan hanya ake yi. Daga ta uku za ka sauko ta biyu: taka kuloci, dawo firi, saki kuloci, ɗan taɓa totur, sake takawa, sannan ka sa ta biyu. In ta shige sumul da wannan dabarar alhali tana gurza in ka sa kai tsaye, to zoben ta biyu ya gaji. Shi ne yake fara mutuwa a kusan kowace tsohuwar mota, domin shi ya fi shan wahala a cikin gari.

Mai Gareji a Maraɗi:
Sannunku. Ni kan juye man zan yi magana, don nan ake yin ɓarna. Ka ɗan zaga da motar mai ya yi ɗumi. Ka ɗaga ta gaba da baya ta tsaya daidai, ba gaba kaɗai ba, in ba haka ba awon mai zai yi maka ƙarya. Kuma don Allah kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai ko a kan bulo. Bulo fashewa yake yi ba sallama. Ka samu ƙafafun ƙarfe huɗu, ko ka biya mai rami ka yi aikinka a can.

Noti biyu ne, na juyewa a ƙasa da na zubawa a gefe. Na gefen za ka fara kwancewa. Na sha ganin wanda ya juye mai tas, sannan ya tarar na gefen ya ƙi motsi, mota ta kwana a kan ƙarfe babu mai babu hanyar zubawa. Ka goge kewayensa da kalanzir kafin ka buɗe, kada ƙasa ta faɗa ciki. Man da ya fito ka tare shi a farin kwano ka kai rana ka karkata. Ɗan baƙin laushi da ke manne a yatsa ba komai ba ne. Ƙyalli rawaya-rawaya yana nuna kayan tagulla na ciki suna cinyewa. In kuwa ka ji ɓarɓashi mai kaifi ko guntun haƙori, ka mayar da noti ka daina tuƙa ta.

Wajen zubawa, tiyo siriri da mazurari, ko babban sirinji. Ka yi ta zubawa har ya fara dawowa ta ramin gefen, ka jira ya daina zuba, ka rufe. Ka sa sabuwar washa ta jan ƙarfe. Jikin akwatin alminiyam ne, in ka ɗaure da ƙarfin tuwo tiredi zai tafi.

Ɗan Panteka:
Yallaɓai, in ta kai ga canji ka kwantar da hankalinka. Tun 1975 ake haɗa 504 a nan Kaduna, aka yi ta yi har cikin shekarun 2000, don haka akwatunanta na nan a Panteka, Ƙofar Ruwa ma a Kano ba za a rasa ba. Coupé ɗin ce ba a haɗa a nan ba, kamfanin Pininfarina ne ya yi jikinta a Italiya, an fito da ita a 1969. Kayan cikinta da yawa na salun ne, wato 504 mai ƙofa huɗu. Sai dai ka kula, tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya ta gaza ta salun da santimita 19, don haka farfela, wato sandar da ke juya tayoyin baya, da bututun da take ciki, na salun ba za su shiga ba. Kada ka bari yaran gareji su daddake naka da guduma. In za ka sayi akwati, ka kai naka a ajiye su gefe da gefe, a duba wutsiya da wajen sandar giya, don akwai masu giyar sitiyari, ga kuma na akori-kura.

Ɗan Tasha:
Irin wannan motar ce fa, mai injin V6 mai silinda shida, ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1978. Ka riƙe ta da kyau malam. In kuma ka gaji da ita, ina nan.

Tsohon Bakanike:
Bari in ƙara abu ɗaya kan sauke akwati, tunda ka tambayi abin da ya fi ƙarfinka. A 504 farfela ba a fili take ba, tana cikin bututun da ya ɗaure bayan akwati da aksul. Kafin akwatin ya fito sai an kwance aksul an ja shi baya, ko a ciro inji. Ba aikin mutum ɗaya kwance a tsakar gida ba ne. Buɗe cikinsa kuma wani abu ne daban: akwai siraran washoshi da ake auna tazara da su, da agogon awo ake saita su, in aka kuskure kaɗan giya za ta riƙa kuka ko ta riƙa fita da kanta. Mai, kuloci, robobin sandar giya, duk naka ne. Zobe da boris ka kai wa wanda ya tsufa a kan Peugeot, ka zauna kusa da shi kana kallo.

Ɗigon man kuma ka wanke akwatin tas, ka shimfiɗa kwali a ƙasa ta kwana. In daga noti ne, washa ce. In daga tsakanin inji da akwati ne, ka shinshina: 140 yana da warinsa mai ƙarfi, baƙin man inji ba shi da shi. Ka yi wannan kafin ka juye, don bayan ka zuba 20W50 ba za ka iya bambance su da hanci ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Injiniya, na yi gwajin. Ribas ta yi ƙara ko bayan na jira, da na buga feda sau uku kuma ta shiga shiru. Na ɗaga robar famfon ƙasa na tarar da ita jiƙe. Kwalin ma ya nuna daga notin ƙasa ne ɗigon. To Baba, in canja robobi kawai ko famfon gaba ɗaya?

Tsohon Bakanike:
Ka ciro shi ka leƙa ciki da tocila, ka sa ɗan yatsa ka shafa. In sumul yake, robobi sun isa. In ka ji rami-rami na tsatsa, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, ka canja shi ɗungurungum. Na saman ma ka duba shi a rana ɗaya, tare suka tsufa. Ka zuba sabon man birki daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, ka samu wanda zai taka maka feda kana fitar da iska har kumfa ya ƙare. Man birki yana cin fenti, ka ajiye ruwa da tsumma kusa. Bayan ka juye 140 ɗin, ka ba ta mako biyu tana fita da safe kafin ka yanke wa giya ta biyu hukunci, sannan ka dawo ka faɗa mana yadda take shiga.