Abin da aka tsayar a hirar harbin da 'yan sanda ke yi wa mutane a Amurka

An yi hira kan abin da ya kamata jama'a su yi idan 'yan sanda suka harbi mutum. Shawarar da ta fi yawo a hirar ita ce a ɗauki bidiyo. Misali, a Afrilun 2015, a birnin North Charleston na jihar South Carolina, ɗan sanda Michael Slager ya harbi wani mutum mai suna Walter Scott ta baya yana gudu. Ba don wani mai wucewa ya ɗauka da wayarsa ba, da maganar ɗan sandan ce za ta ci. A 2017 aka ɗaure shi shekara 20. Sai dai in za a ɗauki bidiyo, a tsaya nesa, a tura wa wani bidiyon kafin a ƙwace wayar.

Kan zanga-zanga an ɗan ja, wasu na cewa lumana ba ta biya ba. Yawanci dai, har da ni, sun ce kada a ƙona shagon maƙwabci, a riƙa cika kotu duk ranar zama.