An ce in shiga tim ɗin kurket na wurin aikinmu, ku ba ni shawara

Ɗan_Gwale: Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda ke Ingila ku taimaka min. Ina aiki a wani kamfani a Leeds, suna da tim na kurket da ke bugawa da wasu ma'aikatu ran Laraba da yamma bayan an tashi, to mutum ɗaya ya bar aiki sun koma goma maimakon sha ɗaya shi ne kyaftin ya ce in zo in cike. Ni ƙwallon ƙafa na sani, kurket a talabijin kawai nake gani. Kuma wlh ina son zuwa saboda daga aiki sai ɗaki, kaɗaici ya yi min yawa. Zan iya kuwa? Me zan saya? Ya batun sallah, kuma na ji in an gama mashaya suke wucewa.

Baban_Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena je ka abinka, kar ma ka tsaya dogon tunani. Ni ma a tim ɗin wurin aiki na fara a Bradford. Wasan yamma ba irin na kwana biyar ɗin nan ba ne, yawanci oba 20 kowane ɓangare, oba ɗaya jifa shida ke nan, a fara wajen ƙarfe shida a gama kafin duhu, shi ya sa sai daga Mayu zuwa wajen Agusta ake yinsa lokacin da rana ke daɗewa.

Sabon shiga ba a sa shi jifa, don jifan sai hannu a miƙe, in ka lanƙwasa gwiwar hannu ka wurga kamar mai jifan mangwaro alƙali zai hana. Wurin dukan ƙwallo ma can ƙarshe za su sa ka, na tara ko na goma, wataran ma a gama bai zo kanka ba. Inda za ka yi musu amfani shi ne tsaron fili, kuma nan ɗan ƙwallon ƙafa ya fi da yawansu, galibi dattawan ofis ne masu ciwon gwiwa, kai kuwa za ka bi ƙwallo a guje ka tare ta kafin ta taɓa igiyar iyaka, maki huɗu ya koma ɗaya ko biyu. Wlh ranar da na fara cafke ƙwallo a sama duk tim suka rugo suna dukan bayana, har manajan da a ofis gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Maman_Sudais: Ni maigidana yana bugawa a Landan, a irin wanda ake kira Last Man Stands, mutum takwas-takwas ne, awa biyu an gama. Abin da zan roƙe ka shi ne kar ka raina ƙwallon nan. Fata ce aka ɗinke a kan abu mai tauri, nauyinta kusan giram 160, ta taɓa fasa masa yatsa farce ya fita gaba ɗaya, makonni yana fama. A 2014 ita ta kashe Phillip Hughes ɗan Ostireliya, a wuya ta same shi, kuma ƙwararre ne. Ka sa hular kwano ko da sauran ba su sa ba dan Allah.

Baban_Hanifa: Gaskiyarki hajiya. Sanda, safar hannu, makarin ƙwauri da hula duk akwai a jakar tim, kar ka kashe kuɗinka yanzu. Abu ɗaya za ka saya naka na kanka, robar kare gaba, ba a aronta. In za ka cafe ƙwallo kar ka nuna mata kan yatsu, buɗe tafin hannu biyu ka janyo ta jikinka.

Sallah kuwa ba matsala, a watan Yuni magariba sai bayan tara na dare, ka yi la'asar ɗinka kafin a fara. Mashaya ni ba na zuwa, tun ranar farko na gaya musu cikin mutunci kuma ba wanda ya ɓata rai, sun saba da Musulmi a wasan nan, Adil Rashid da ke buga wa Ingila ɗan Bradford ne.

Ɗan_Gwale: Na gode ƙwarai yaya, hajiya Allah ya saka da alheri ya ƙara wa maigida lafiya. Na tura wa kyaftin saƙo na ce ya sa sunana, ya ce in zo ran Litinin a gwada ni da ƙwallo mai laushi tukuna, in ba a yi ruwan sama ba.