Wai da gaske ana gane ƙwaro daga ruwan da aka wanke ganye da shi?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Jiya malaminmu na fannin gandun daji ya faɗi wata magana da ta tsaya min a rai. Wai a gabashin Amurka akwai wani ɗan mitsitsin ƙwaro da ya shigo daga Japan, yana tsotse itacen hemlock har ya bushe, sai suka fara sakin wasu ƙwari dangin buzuzu masu suna Laricobius tun 2003 don su cinye shi. To wai yanzu in ana son a san ko suna nan ba sai an gan su ba, ruwa kawai za a auna. Don Allah ta yaya?

Malama Mai Lab:
Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya ne. Duk abu mai rai yana barin DNA, wato sinadarin gado da ke bambanta kowace halitta, inda ya zauna, ta kashinsa, da saɓar da ya yi, da ɓurɓushin jikinsa. Sai a wanke reshe da ruwa, a tace da wata 'yar takarda mai ƙananan huji, abin da ya maƙale a kai a sa shi a na'urar PCR, irin dai wadda aka yi gwajin korona da ita. Ƙwaron nan Laricobius hwa bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, dā sai a shimfiɗa farin ƙyalle a yi ta bugun reshe da sanda ana jiran ya faɗo, wuni guda wani lokaci ba ka ga ko ɗaya ba alhali yana can sama.

Baban Gona Kwalkwalawa:
Malama to mu nan fa? Ai mu ma an taɓa yi muna irin wagga dabara, 1981 cibiyar binciken noma ta IITA ta Ibadan ta saki wata 'yar zanzaro daga Kudancin Amurka kan farin ƙwaron rogo kuma ta yi aiki. Ni mangwarona da dogon yaro nake ji wa, a zo a wanke ganyen a gaya min mi ke cin su.

Malama Mai Lab:
Baba ana iyawa, amma zafin ranarmu na Afrilu da hasken rana suna lalata DNA da wuri, dole a ɗebi ruwan da sassafe a sa a kula mai ƙanƙara. Kuma gwajin ba ya tantance mai rai da mushe, sai an haɗa da zuwa a duba da ido.

Ɗan Mabera:
Na gode Malama, Allah ya ƙara basira. Litinin zan tambayi malam ko zan iya yin furojet ɗina a kai.